Filin Tambaya da Amsa: Kwamfutata ta yi nauyi, shin fomatin ne magani?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar goge kwamfuta a sake ɗora mata Windows, don haka na haɗa guda biyar wuri ɗaya, wasu na ɗan rage musu tsawo saboda fili.

TAMBAYA: Malam ina wuni ya aiki. Don Allah laftof ɗina ce HP 'yar Beljiyam da yayana ya siyo min, Core i5 ce ram ɗinta 4GB, da farko lafiya lau take aiki amma yanzu wallahi in na kunna ta sai in je in yi alwala in yi sallah in dawo bata gama buɗewa ba, Word ma sai ya tsaya ɗan zoben nan yana ta juyawa, ga zafi ga ƙarar fanka. Ƙawata tace in kai a yi mata fomatin zata dawo sabuwa, to amma furojet ɗina na ciki kuma saura wata ɗaya in kare shi gaban malamai. In kai ko kar in kai? Daga wata ɗaliba a Kano.

AMSA: Lafiya lau 'yar uwa, Allah ya bada sa'a. Kar ki bari kowa ya taɓa kwamfutar nan sai kin kwashe furojet ɗinki tukuna, wannan shi ne na farko. Na biyu, ina kyautata zaton fomatin kaɗai ba zai warkar da ita ba, zata ɗan sake na sati biyu ko uku sannan ta koma gidan jiya.

Abin da fomatin ke yi shi ne ya share duk abin da ke ɓangaren da Windows ke zaune, wato C, a zuba sabo fil. To yana maganin ciwon da ya taso daga manhaja, irin tarin firogiram ɗin da kowanne ya maƙala kansa yana tashi tare da kwamfutar tun baki kira shi ba, da ragowar waɗanda aka cire basu fita duka ba, da antibairos biyu ko uku da aka jibga suna ta faɗa da juna, da tallan da ke shigowa ta burauza, da fayilolin shi kansa Windows ɗin da suka lalace saboda kwamfutar ta mutu ana tsakar sabunta shi. Waɗannan kam fomatin na kawar da su kaf. Amma baya ƙara ram, baya sa tsohon had-disk ya yi gudu, baya fitar da ƙurar da ta toshe fanka. In matsalar daga can take to kamar ki share ɗaki ki goge tas ne alhali rufin ne ke yoyo.

Yadda zaki gane bashi da wahala kuma kyauta ne. Ki kunna ta, ki bari ta gama shure-shurenta kamar minti goma, sai ki danna Ctrl da Shift da Esc lokaci ɗaya, Task Manager zai buɗe. Ki duba saman shafin zaki ga CPU da Memory da Disk kowanne da kasonsa. In kika ga Disk ya kafe a 100% ya yi ja alhali babu abin da kike yi, sai ki shiga Performance ki ga ko an rubuta HDD a gefensa. In HDD ne to kin kama ɓarawon. HDD, wato had-disk irin na da, faifai ne mai juyawa, na laftof yawanci zagaye 5400 yake a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke yawo a kansa yana neman bayanai, ƙoƙarinsa dai kusan 100MB a daƙiƙa, shi ma in fayil ɗin babba ne guda ɗaya a jere. Shi kuwa Windows 10 ko 11 dubban ƙananan fayiloli yake nema a lokaci guda, ga sabuntawa ga binciken bairos a bayan fage, sai ɗan hannun nan ya rasa inda zai sa kansa. SSD kuwa, wato sabon nau'in ma'ajiyar da ke maye gurbin had-disk, babu abin da ke juyawa a cikinsa, ko mai arha yana kai wajen 500MB a daƙiƙa, wajen tsince-tsincen ƙananan fayiloli kuwa ratar ta wuce haka nesa ba kusa ba. Kwamfutar da ke cin minti biyar kafin ta tashi in aka sa mata SSD sai ki ga ƙasa da minti ɗaya ta buɗe.

Shawarata kenan, in da hali ki sayi SSD ko na 256GB ne, a Farm Centre ko layin Beirut ba zaki rasa ba, a cire tsohon had-disk ɗin a sa sabon a ɗora Windows a kansa. Daɗin wannan hanya shi ne ba a goge miki komai ba, furojet ɗinki da hotunanki suna nan cikin tsohon, sai ki sayi ɗan akwatin da ake saka shi ki riƙa jona shi ta USB kamar filash. In SSD ɗin na hannu ne kice a buɗe miki CrystalDiskInfo a gabanki, zai nuna lafiyarsa da adadin awowin da ya yi yana aiki, in ya nuna Caution da ruwan ɗorawa ki ajiye musu kayansu. Wannan manhajar ki gwada ta ma a kan tsohon naki, don wani lokacin nauyin alama ce ta had-disk yana dab da mutuwa, wanda kuma fomatin a irin wannan hali wahalar da shi ne kawai, yana iya cikawa ana tsakar aikin.

In kuma Memory ne ya haura 85% ko 90% to ram ne ya yi kaɗan, 4GB a yanzu Windows ya cinye fiye da rabi kafin ki buɗe Chrome, yawancin HP na ofis irin su EliteBook da ProBook tsofaffin suna da gurbin ƙara wani, a mayar da ita 8GB. Maganar zafi kuwa ƙurar hunturu ce da ɗora laftof kan katifa ko filo, ƙofofin iska suna toshewa, shi kuma furosesa in ya ji zafi ya yi yawa da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone. A buɗe a hure fankar a canja man da ake shafawa kan furosesa, ki riƙa ɗora ta kan tebur ko faranti.

Kafin duk wannan ma ki shiga Startup a cikin Task Manager ɗin ki kashe duk abin da baki buƙata ya tashi da kansa. Furojet kuwa yau ɗin nan ki kwafe shi wuri biyu, filash da Google Drive wanda ke bada 15GB kyauta ga duk mai Gmail, kuma ki buɗe kwafin a wata kwamfutar ko a waya ki tabbata yana buɗewa, don sau da yawa gajeriyar hanyar fayil ɗin mutane ke kwafa suna zaton shi ne.

TAMBAYA: Salam Malam. Ina da shagon buga takardu da fotokwafi, kwamfuta uku gare ni, kusan duk wata biyu sai na kira mai gyara ya yi musu fomatin saboda bairos, filash ɗin mutane duk ya koma shotkot, kwana kaɗan abu ya dawo. Na gaji da biyan kuɗi wallahi. Har yanzu ɗaya Windows 7 ce a kai don firinta ta tsohuwa ce. Daga mai shago a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumussalam Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Fomatin ɗin yana aiki, bairos ɗin yana fita, sai dai ana gamawa ake sake buɗe masa ƙofa, kuma sau da yawa da hannun mai gyaran ake mayar da shi ba tare da shi ma ya sani ba. Ka lura da yadda aikin ke tafiya, ya zo da filash ɗinsa da ya shiga kwamfuta ɗari, a ciki akwai Windows ɗin da ba daga Microsoft aka sauko da shi ba wani ne ya yi masa kwaskwarima, ya gama ɗorawa sai ya kashe Defender, wato antibairos ɗin da ke zuwa da Windows, don ya samu damar sa abin fasa lasisi irin su KMSPico, sai Office fasasshe, CorelDRAW fasasshe, Photoshop fasasshe. Dalilin da yasa sai an kashe Defender kafin su shiga ai a bayyane yake, kuma da yawa daga kwafin waɗannan abubuwa da ke yawo a intanet an cusa musu ɓarayin kalmar sirri ko masu haƙar kuɗin kirifto da ƙarfin kwamfutarka, shi yasa zaka ga sabon fomatin amma fanka na ta gudu babu dalili. Sannan C kaɗai ake gogewa a bar ɗaya ɓangaren disk ɗin, wato D, to duk abin da ya ɓuya a D yana nan yana jiran a danna shi.

A wannan karon ka yi shi sau ɗaya amma yadda ya kamata. Ka sayi sabon filash naka na kanka aƙalla 8GB, a kwamfuta mai tsafta a shiga shafin Microsoft a sauko da Media Creation Tool, shi zai haɗa maka filash ɗin ɗora Windows na asali, zai ci data wajen 5GB zuwa 6GB don haka a yi da daddare ko inda akwai wayifai. Ka kwashe takardun kwastomomi zalla, Word da PDF da hotuna, ban da duk wani fayil mai ƙarewa da exe. Wajen ɗorawa in aka zo shafin zaɓen ɓangarori a goge su duka. Bayan an gama a bar Defender a kunne a bar shi ya sabunta kansa, ya isa, baka buƙatar wani antibairos na fasa. Sai ka buɗe wa yaran shago asusu na daban mara ikon admin, kalmar sirrin admin ta zauna a wurinka kai kaɗai, duk abin da zai girka kansa sai ya nemi izini. In kuɗin Office ne matsala akwai LibreOffice kyauta ne kuma halal, yana buɗe takardun Word da Excel, koda yake wani lokacin tsarin shafi kan ɗan goce, don haka mai buga takardun mutane gara ya daure ya sayi lasisi ko na kwamfuta ɗaya ne.

Da zarar komai ya zauna daidai, firinta na aiki, manhajoji sun shiga, sai a ɗauki hoton had-disk ɗin gaba ɗaya da Clonezilla a ajiye a wani disk na waje. Ran da abu ya sake rikicewa cikin abin da bai kai awa ɗaya ba an mayar da ita yadda take a ranar, ba sai an fara daga farko ba.

Filash ɗin da ya koma shotkot kuwa fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi. Kar a danna shotkot ɗin don danna shi ne ke tada bairos ɗin. A buɗe Command Prompt a rubuta attrib -h -r -s /s /d F:\*.* in harafin filash ɗin F ne, in wani ne a canja, fayilolin zasu fito, a goge shotkot ɗin da duk baƙon fayil mai ƙarewa da vbs. Ita kuma mai Windows 7 ɗin, Microsoft ta daina kula da shi tun 14 ga Janairu 2020, Chrome ma a lamba 109 ya tsaya masa, in dole sai ta zauna saboda firinta to a cire ta daga intanet kuma a daina soka mata filash ɗin kowa.

TAMBAYA: Barka da aiki. Ni malamin makaranta ne, Dell gare ni Core i5 ƙarni na shida da Windows 10 na Faransanci, tana nuna min saƙo wai an daina tallafa masa. Mai gyara ya ce zai goge ya sa min Windows 11 ko da bata cancanta ba, wai har sauri zata ƙara. Gaskiya ne? Kuma lasisina zai ɓace? Daga Maraɗi.

AMSA: Barka kadai Malam, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Saƙon gaskiya ne, tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, kwamfutar ba zata daina aiki ba amma gyaran ɓarakar tsaro na wata-wata ya tsaya, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi da ake kira ESU wanda Microsoft ta sanar a 2025 cewa na mutanen gida iyakarsa 13 ga Oktoba 2026. Maganar ƙara sauri kuwa babu ita, Windows 11 bai fi 10 sauƙi ba, saurin da mutane ke gani na sabon ɗori ne kawai, da 10 ɗin aka sake ɗorawa ma haka zasu gani.

Windows 11 ya fito a Oktoba 2021 da sharuɗɗa, matakan tsaro biyu da ake kira TPM 2.0 da Secure Boot, da ram 4GB da wuri 64GB, sannan furosesan Intel daga ƙarni na takwas zuwa sama, taka ta gaza da ƙarni biyu. Abin da mai gyaran zai yi shi ne ya haɗa filash ɗin ɗora Windows da wata manhaja mai suna Rufus, akwai wurin da ake dannawa a tsallake binciken, kuma yana hawa yana aiki, mutane da yawa na amfani da shi a haka. Sai dai Microsoft ta faɗa ƙarara cewa bata ɗauki alkawarin ci gaba da turo wa irin waɗannan kwamfutoci sabuntawa ba, kuma babban sabuntawar shekara-shekara yawanci baya zuwa da kansa sai an sake bi ta hannu. In kana da SSD da ram 8GB ni ban ga laifi ba, ya fi zama a kan 10 da babu tsaro. In aikinka rubutu ne da intanet da kallon bidiyo to ka duba Linux Mint ma, wani madadin Windows ne, kyauta ne, akwai shi da Faransanci, ya fi sauƙi ga tsohuwar na'ura, kuma ana iya gwada shi daga filash ba tare da an goge komai ba.

Lasisi in na asali ne ba zai ɓace ba. Tun zamanin Windows 8 kamfanoni irin Dell da HP da Lenovo suke dasa makullin a cikin allon kwamfutar, ga kuma lasisin da Microsoft ke ajiyewa a wurinta da shaidar na'urar, in an tambayi makulli wajen ɗorawa a danna babu, tana hawa intanet zata gane kanta. Sharaɗin dai a ɗora irin wanda yake kai, in Pro ne Pro in Home ne Home. Ka kuma tsaya a kansa ya sauko da na Faransanci ya zaɓi allon rubutu AZERTY tun farko, in ba haka ba ka danna A ya fito Q, kalmar sirrin da ka sa da kanka ta ƙi buɗewa.

TAMBAYA: Malam ni da kaina na yi fomatin na bi bidiyo a YouTube, ta yi sauri kam amma wayifai ya ɓace babu sauti kuma. Na lalata ta ne? Daga wani matashi a Jos.

AMSA: Baka lalata komai ba ƙanena, direbobi ne babu, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa Windows da kowane sashe na na'urar. Ka jona wayarka da kebul ka kunna USB tethering, kwamfutar zata samu intanet ta nan, sai ka shiga Windows Update ka bar shi ya yi ta saukewa, ka leƙa Optional updates ma. Abin da ya rage ka je shafin kamfanin ka sa lambar da ke ƙasan laftof ɗin, ta Dell sunanta Service Tag, ka sauko da su daga can. Manhajojin nan masu cewa zasu nemo maka direbobi duka da dannawa ɗaya ka rabu da su, tarkacen da ka goge jiya su ne zasu dawo maka da shi. In ka gama ka sa layin naka a matsayin Metered connection don kar Windows ya shanye maka data.

Nan gaba in nauyi ne kawai ba bairos ba, ba sai ka nemi filash ba, a cikin Settings ɓangaren Recovery akwai Reset this PC, in ka zaɓi Keep my files zai sake ɗora Windows ya cire manhajoji ya bar maka fayilolinka kuma yawanci direbobin basa ɓacewa. Ka tabbata dai batir a cike yake ga caja a jone, in batirin ya mutu sai da wuta take aiki to kar ka fara da wutar NEPA, ka nemi inda ake da sola ko janareta. Sannan ka duba ko BitLocker, wato tsarin da ke kulle bayanan disk, a kunne yake, in haka ne ka shiga asusunka na Microsoft ka kwafe lambobin buɗe shi guda 48 a takarda tukuna.

TAMBAYA: Na kai gyara an yi fomatin ba a tambaye ni ba, hotunan bikina da na mahaifiyata marigayiya duk sun tafi. Akwai yadda za a yi? Daga wata baiwar Allah a Bauchi.

AMSA: Allah ya jiƙan Mama ya sa ta huta. Hajiya ki daina amfani da kwamfutar daga yanzu, kar a sauke komai kar a girka komai, don duk sabon abin da aka rubuta yana iya hawa kan gurbin hotunan. Abu ɗaya zaki duba kafin ki kashe ta, ki buɗe C ki ga ko akwai fulda mai suna Windows.old, in mai gyaran bai goge ɓangaren ba ya ɗora ne a kai kawai to kayanki na ciki ƙarƙashin Users, amma Windows na share ta da kansa bayan kwana 10 don haka a kwashe yau. Ki duba D ma, da Google Photos ko OneDrive in kin taɓa haɗa su.

In babu, sai a ciro disk ɗin a jona shi a wata kwamfutar a bi shi da PhotoRec ko Recuva, abin da aka samo a zuba a wani wuri daban ba kan shi disk ɗin ba. In HDD ne akwai kyakkyawan fata, don fomatin na gaggawa jadawalin kawai yake sharewa, hotunan da sabon Windows bai hau kansu ba suna fitowa koda sunayensu sun canja. In SSD ne gaskiya da wuya, saboda akwai umarnin da ake kira TRIM da ke sa shi ya wanke guraben da aka goge da kansa cikin ɗan lokaci. Duk da haka a gwada, sannan ki tambayi 'yan uwa da mai hoton bikin, masu ɗaukar hoto da yawa suna ajiye aikinsu shekara da shekaru.